Kawuna da Kifi Mai Sulke

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, ko a bakin wane ruwa ajali ya iske mutum. Kawu, ƙanen mahaifiyata, nasa ya iske shi a nan Guangzhou, ranar wata Laraba da hantsi, a wani asibiti da ke Panyu, ina tsaye da kofin ruwan da ya ce in miƙo masa.

'Yan'uwanmu 'yan kasuwa suka yi ta zirga-zirgar takardu har aka samu izinin binne shi a maƙabartar musulmi. Aka yi zaman makoki a ɗan gidan da muke haya ni da shi. Kanawa suka riƙa zuwa daga Guangyuan, wasu da jakar samfurin kaya a kafaɗa, don daga kasuwa suka hau jirgin ƙasa kai tsaye. Wani ya ce, "Shekara da shekaru shi ke loda mini kwantena, ko maɓalli bai taɓa ɓata ba." Wanda ke kusa da shi ya ce, "Sai dai fa a 'yan shekarun nan in ka kira shi kan maganar shipin, ƙarar inji da iska za ka ji, ya ce maka yana kan ruwa." Aka so a yi dariya, aka tuna inda ake, aka mayar da ita salati.

Maƙwabcinmu ɗan Sin, tsohon masunci da muke kira Tsoho, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce ya cire takalmi, da kansa ya cire. Da aka ɗaga hannu za a yi addu'a ya dubi mutane, shi ma ya ɗaga nasa. Kafin ya fita ya ce in fassara wa jama'a cewa mamacin ya iya riƙe kifi. Wasu suka kalli juna. Ni na san a bakin Tsoho babu yabon da ya wuce wannan, shi ya sa na fassara ina kuka.

Babba a cikinmu wani Alhaji ne na Maraɗi. Ya nemi kowa ya yafe wa Kawu, aka amsa baki ɗaya. Sai ya ce in kira gida, a ji daga bakin yayarsa. Na kira Inna a Yawuri, na buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Hajiya, sai haƙuri," in ji Alhaji. "Ɗan'uwanki ya tahi. Mu nan mun yahe mishi. Ke ma ki yahe mishi, ya kwanta da sauƙi."

"Allah ya jiƙansa," in ji Inna.

"Amin. To kin yahe, Hajiya?"

"Allah ya jiƙansa, Alhaji."

Kowa ya dubi ƙasa. Alhaji ya shafa gemu ya ce raɗaɗin mutuwa ne. Ni da ta haifa na san ba shi ba ne. Bayan an watse ta faɗa mini ƙarara: "Na goya shi a bayana, na tauna abinci na sa masa a baki. Na ce ya zo in ga fuskarsa kafin ya mutu, ya ce mini kifi. To kifin ya yafe masa."

Wannan magana ta fi mutuwar kanta yi mini nauyi. Mutum na kwance a ƙasar da ba tasa ba, ga haƙƙin wadda ta raine shi a wuyansa, ita kuma tana can tana cin zuciyarta. Na rasa wanda zan fi tausaya wa a cikinsu.

Mu Sarkawa ne, 'yan ruwa tun kaka da kakanni. Kakata ta rasu Kawu yana rarrafe, Inna ce ta zama uwarsa alhali ita ma yarinya ce. Suna ƙanana aka tare kogi da dam, ruwa ya hau, aka tashi ƙauyensu aka mayar da shi kan tudu. Kawu ya girma ya bar su, ya tafi Kano ya shiga harkar yadi, daga can kasuwa ta jawo shi nan. Matarsa ta riga shi, 'ya'yansa maza suna riƙe da shago a Kano. Ni sunan kakata na ci, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. Shi ya kawo ni karatu a Tianhe, na gama na zauna ina tafinta.

Duk daɗewarsa a garin nan Sinancinsa bai wuce cikin cokali ba. Gaisuwa, godiya, lauban in zai kira mai shago, sai meyo, wato babu. Da waɗannan ya yi ciniki har gashinsa ya yi fari, kuma ban taɓa ganin an cuce shi ba. Amma ka kai shi kasuwar kifi ka ga wani mutum daban. Sai ya buɗe kunnen kowane kifi ya leƙa, ya danna ciki da yatsa, ya shinshina, sannan ya ajiye ya wuce, mai kifin na zaginsa. Na gidan abinci kuwa, masu yawo a akwatin gilashi, cewa yake ba kifi ba ne, 'yan haya ne. Sau da yawa na yi kamar ban san shi ba.

Abotarsa da Tsoho ta fara ne a gindin bishiyar tsakar unguwa. Kawu ya dawo daga kasuwa ya tarar da shi yana ɗinkin koma. Ya tsaya, ya kalla, ya ajiye jakarsa, ya zauna ya kama ɗaya bakin. Har rana ta faɗi ba wanda ya ce uffan. In na tambaye shi me suke tattaunawa sai ya ce, "Uwata, mu ba 'yan jami'a ba ne, ba sai mun yi surutu ba."

Tsoho yana da 'ya, muna ce mata Malama. Tana aiki da masu kiwon wani kifi da ya kusa ƙarewa, suna sakinsa a bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, kuma jirgin ubanta suke hawa in za su fita. Wata Asabar ta gayyace mu. Ba zan manta fuskar Kawu a bakin tankin nan ba. Kifin ya kai tsawon hannun babban mutum, kuma wai yaro ne. Bayansa jere da ƙasusuwa kamar an daddasa masa faranti, hancinsa dogo, bakinsa a ƙasa.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Gashin baki na kurungu, gadon baya na kada, baki kuma na tsohuwa marar haƙori. Wannan ai mai sulke ne."

Sunan ya bi shi ke nan a gidanmu. Malama ta yi bayani ina fassarawa. Ana ƙyanƙyashe shi can sama a ruwan daɗi, kan tsakuwa. Ya gangaro bakin teku ya yi kiwo, ya shiga teku ya girma har ya fi mutum, sannan ya koma sama ya zuba ƙwai. Amma an tare hanyar da dam, an kwashe yashi, ga raga ga manyan jirage. Yanzu a wannan kogin tsofaffi irin ubanta ne kaɗai ke tuna sun taɓa ganin babba. Da na fassara maganar dam Kawu ya daina tambaya. Ya daɗe yana kallon ruwan.

Abin da suke son sani shi ne inda kifin ke zama bayan an sake shi, da abin da yake ci, don a san wurin da za a hana taɓawa. Sai su sa shi barci, su ɗan tsaga cikinsa, su cusa wata na'ura kamar ƙwallon dabino, su ɗinke. Na'urar tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji. A ƙarƙashin ruwa kuma sun dasa wasu na'urori nan da can, duk kifin da ya gifta sai su ji lambarsa su adana. Kawu ya ce waɗannan kunnuwa ne. Matsalar ita ce kunnuwan ba sa aiko da labari, sai an je an ciro su bayan watanni.

Ranar Malama ta rasa mai riƙe mata kifi, sai ubanta ya nuna Kawu da haɓa. Kawu ya naɗe hannun riga, ya jiƙa tafukansa, ya tallabe shi ta ƙasa, ruwa na bin kunnuwansa. Yana riƙe da shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa yaro wurin kaciya. Da kifin ya farfaɗo aka ce shi ya sake shi. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya yi bisimilla, ya buɗe hannu. Daga nan ya sa Malama ta nuna masa lambar har ya haddace. Bai ƙara ce masa mai sulke ba, sai nawa.

Tun daga lokacin ya zama ɗan jirgi. Shi ke jan igiya, shi ke tace laka a rariya suna ƙirga tsutsotsi. In an samu wani mai sulken a raga, Malama kan zura masa siririn tiyo ta wanke cikinsa ta ga abin da ya ci, ba tare da ta kashe shi ba. Kawu ya leƙa kwanon ya ga 'yan jatan lande, ƙananan ƙaguwa, tsutsar laka da 'yan kifin taɓo. Ya kama baki. "Duk wannan sulken, ashe tana yake ci." Kanawa suka sa masa Sarkin Ruwan Panyu. In sun tsokane shi sai ya ce su dai su ci gaba da auna wando.

Akwai ranar da wani masunci ya kamo ɗaya bisa kuskure, ya kira a tsorace. Sai da aka yayyanka ragarsa kafin a fitar da kifin. Kawu ya tsaya cikin ruwa yana riƙe da shi, yana kaɗa shi gaba da baya har ya motsa ya tafi. Kowa ya bi kifin da kallo, ban da Kawu. Shi ya juya yana kallon masuncin, wanda ke tsugune kan ragarsa. Ya ce mini, "Gaya musu kada wanda ya ɗaga masa murya. In ya ji kunya yau, gobe in ya kama wani ba zai kira ba." Ya ɗauko ragar ya kawo gida. Shi da Tsoho suka yi kwanaki a gindin bishiya har suka mayar da ita yadda take.

An ciro kunnuwan karo na farko. Malama ta duba kwamfuta ta girgiza kai: meyo. Wasu lambobin sun fito, ban da tasa. Wasu kunnuwan ma jirage sun ja su sun ɓata. Na ce, "Kawu, ƙila fa ya mutu." Ya harare ni. "Bai mutu ba. Baƙo ne, bai san gari ba, yana ɗari-ɗari." Aka sake dasa kunnuwan, aka ƙara wasu a wajen taɓon da ba zurfi, aka ce sai bayan ruwan sama ya ɗauke.

A wannan tsakanin idonsa ya fara yin rawaya. Likita ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Ni na fassara masa, kuma ban taɓa tsanar aikina kamar ranar ba. Inna ta kira ta ce ya tattaro ya dawo. Ya ce, "To Yaya, ina nan tafe, bari a ciro kunnuwan." Ta kashe wayar.

Mun yi faɗa ni da shi, faɗa na gaske. Na ce, "Kawu, wannan son kai ne. Tsohuwa na can ba ta ci ba ta sha, kai kana nan kana jiran kifin da ko ya gan ka bai san ka ba."

Ya ce, "Uwata, zauna." Na ƙi. Ya ce, "Da aka tare mana kogi, akwai kifayen da ke hawowa duk shekara, Baba ya san watansu. Suka daina zuwa. Ba wanda ya tambayi inda suka tafi. Aka ce Allah ya kawo, aka canza raga. Mu ma aka kwashe mu aka kai tudu, ba wanda ya biyo sawu ya ga ko mun rayu. Yanzu ga mutane sun sa kunne cikin ruwa saboda kifi guda, ni na sake shi da hannuna. Ina so in ji ƙarshen labari ɗaya a rayuwata."

Na ce, "Ita fa?"

"Zan je. Amma in na je yanzu shimfiɗa ni za ta yi, ta zauna tana kallona ina ƙarewa. Ta yi wannan da uwarmu tana yarinya. Bari in rage mata kwanakin."

Ban yarda da hujjarsa ba a lokacin, har yau ma ban gama yarda ba. Mun yi kwanaki ina ajiye masa kunu ba na kallonsa, shi kuma yana cewa, "Uwata ta yi fushi, yau gidan nan ba rana." Ya yi zaton yana da sauran lokaci. Ruwan sama bai ɗauke ba Kawu ya faɗi a banɗaki, daga nan sai asibiti.

Bayan an yi arba'in Malama ta buga mini ƙofa da kwamfuta a hannu, ubanta na bayanta. An ciro kunnuwan. Lambar Kawu ta fito, ba sau ɗaya ba. Kifin ya samu wani taɓo a gefen da ruwa ke da ɗan gishiri kaɗan, ya zauna makonni. In ruwa ya cika ya hau taɓon ya yi kiwo, in ya janye ya koma zurfi. Daga baya kunne na can ƙarshe, na wajen teku, ya ji shi yana wucewa. Tun daga nan shiru. Malama ta ce ba za ta iya ce mini yana raye yau ba, amma ya rayu ya koyi ci da kansa, kuma za su nemi a kare taɓon. Tsoho ya share hanci da bayan hannu.

Da la'asar na kira Inna, can hantsi ne. Na faɗa mata. Ta ce, "Labarin kifi kika kira ni ki ba ni?" Na ce eh. Na ɗauka za ta kashe, sai na ji ta ja tsaki ta ce, "Wane irin shirme ne ruwa ya cika ya janye? Da damina ko da rani?"

"Kullum, Inna. Sau biyu a yini. Kogin ya tafi, ya dawo."

"Ƙarya kike. Kogi gaba yake yi."

"Haka Kawu ma ya ɗauka," na ce. Sai na ba ta labarin da ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa mata ba. Allah ya yafe mini, shi ma na san zai yafe.

A farkon-farkon fitarsa da jirgi ne, wata Juma'a, ya zo da farar shadda don daga can zai wuce masallaci. Muka sauka a wani tsibiri ni da Malama da Tsoho, aka bar shi tsaron jirgi. Ya duba ya ga Tsoho ya bar jirgin can nesa da gaɓa, da doguwar igiya sakwa-sakwa. Ya ce wannan wane irin aikin ganganci ne. Ya jawo shi har bakin gaɓa, ya kafa turke, ya ɗaure gajere tam, ya shiga rumfa ya kishingiɗa. Da muka dawo babu ruwa ko na alwala. Jirgi na zaune kan taɓo, ƙaguwa na yawo a gindinsa. Kawu ya sauko zai tura, ya nutse har cinya, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Ya ɗago ya dube ni da laka har gemu ya ce, "Uwata, wa ya kwashe kogin?" Tsoho ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Juma'ar da bai samu ba ke nan, sai da ruwa ya dawo da yamma muka tashi.

Na ji wani sauti a wayar, na rasa ko tari ne. Ashe dariya ce. Inna ta yi ta har tana cewa wayyo cikina, ɗan Sarkawa a taɓo da shadda. Can dariyar ta karye ta zama wani abu. Na bar ta.

Da ta samu numfashi ta ce, "Gajere ya ɗaure?"

"Gajere, Inna."

"Ya zagaya turken, ya sa bakin igiyar ta ƙasa ya ja?"

"Haka ya yi. Sai da Tsoho ya sa wuƙa."

"Ni na koya masa," in ji ta. "Yana ƙarami ya ɗaure kwale-kwalen Baba sako-sako, ruwa ya tafi da shi. Na ce ni ce, na sha dukan. Washegari na kai shi bakin ruwa na riƙe hannunsa, na ce daga yau ko ina ka je haka za ka ɗaure." Ta ja hanci. "Ashe har can ƙarshen duniya ɗaurina yake yi. Shashasha."



"Ke," in ji ta. "Alhajin nan na Maraɗi yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Ki je ki same shi, ki tara mini waɗanda suka zauna ranar, ki buɗe wayar kowa ya ji. A gabansu na yi shiru, a gabansu zan faɗa."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka taru a shagon Alhaji, tsakanin dilolin kaya. Tsoho ma ya biyo ni. Na ɗaga wayar sama. Muryar Inna ta fito ba rawa ba gargada.

"Na yafe wa ƙanena, duniya da lahira. In ni ma na yi masa, ku roƙa mini shi."

Allah ka ji ta. Ka yalwata masa inda yake kwance, ka haɗa shi da uwar da bai sani ba, ka jinkirta mana tafiyar wadda ya sani.